Ruwan kifi ya yi kore, pH ya haura 10: ina koren yake samun kabon?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon tarwada a kwamin siminti a bayan gidanmu a Ɗorayi, kuma ina aji biyu a jami'a. Ruwan ya yi kore shar. In na auna pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa, da asuba sai in ga 7.5, amma da la'asar ya haura 10. A aji an ce mana in pH ya kai haka kusan babu sauran iskar kabon dayoksaid a ruwa. To da me koren nan yake rayuwa, har kullum sai ƙara kauri yake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗin wannan tambaya, musamman da yake awo ka yi da hannunka sau biyu a rana kafin ka tambaya. Abin da aka gaya muku a aji gaskiya ne. Da la'asar iskar kabon dayoksaid, wato CO2, ta ƙare a ruwanka ko ta kusa. Sai dai kabon ɗin bai ƙare ba, kama kawai ya canja. Kuma koren da kake gani shi ne ya zuƙe iskar, shi ne ya ɗaga pH ɗin, yana kuma da kayan aikin cin abin da ya rage, wanda yawancin abokan zamansa a ruwa ba su kai shi iya ci ba.

Kafin mu yi nisa, ka tabbatar da abin da ke kwaminka, don mu Hausawa duk koren ruwa gansakuka muke ce masa, alhali halittu ne iri-iri. Ɗebi ruwan a farar kwalba, ka ajiye ta wuri mai sanyi da duhu ta kwana. In da safe ka ga koren ya taso ya yi zobe a wuyan kwalba kamar an ɗiga koren fenti, mai yiwuwa sayanobakteriya ne. In ya kwanta a ƙasa, ya fi kama da koren gansakuka na gama-gari. Sayanobakteriya bakteriya ne na sosai, sai dai suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsiro, suna fitar da oksijin. Wanda aka fi samu a ruwan da taki ya yi wa yawa shi ne Microcystis. A ƙarƙashin maikiroskof za ka gan shi ƙwaya-ƙwaya, ɗaruruwa a dunƙule cikin wani yauƙi, kamar ƙwan kifi. A kan sayanobakteriya zan yi bayani.

Kabon a ruwa yana da kama uku, pH ne kuma yake raba musu gado. A pH 6.3 rabi CO2 ne rabi bikabonet, wato sinadarin nan na bekin soda. A pH 8.3 CO2 ya koma kusan kashi 1 cikin 100, sauran duk bikabonet. In aka kai pH 10, CO2 bai kai ɗaya cikin 4,000 ba, wani kaso kuma ya fara zama kabonet. Ga shi iskar sama ba ta saurin cike gurbin, domin CO2 yana ratsa ruwa a hankali, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda yake ratsa iska. Kenan da rana tsaka halittun suna zuƙa fiye da yadda sama take zubawa. Da dare in sun daina haɗa abinci, su da kifi da sauran ƙwayoyin ruwa suna ta numfashi, CO2 ya dawo, pH ya sauka. Wannan hawa da sauka shi ka kama da awonka.

Asalin matsalar tana wurin wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jikin halitta, da ake kira Rubisko, wanda shi ne yake kama CO2 ya ɗaura shi a jikin wani sikari mai suna RuBP. Duk tuwon da ka taɓa ci, kabon ɗinsa ta hannun Rubisko ya biyo. Amma yana da rauni biyu. Na farko nawa: wasu enzayim suna juya dubban ƙwayoyi a daƙiƙa guda, shi kuwa tsakanin 3 zuwa 10 ne, na sayanobakteriya ya ɗan ɗara haka. Na biyu, ba ya tantance CO2 da oksijin sosai. In ya kamo oksijin a madadin CO2, sai a samu wani abu mai suna 2-fosfogilaikolet, a taƙaice 2-PG, wanda yake kawo cikas ga aikin ƙwayar, sai an ɓarnatar da ƙarfi kafin a kawar da shi. Ka riƙe sunan nan, zai dawo.

A farkon duniya wannan rauni bai dami kowa ba, don CO2 ya yi yawa, oksijin kuwa kusan babu. Sayanobakteriya da kansu ne suka cika sararin sama da oksijin, wajen shekara biliyan 2.4 da suka wuce. Yau oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iska, CO2 kuwa kashi 0.04. Rubiskon sayanobakteriya yana buƙatar CO2 ninki 10 zuwa 20 na abin da ke narke a ruwan da ya daidaita da iska kafin ya yi ko da rabin gudunsa. A lissafi bai kamata su rayu a kwaminka ba ko da asuba, balle da la'asar.

A 1980 ne Aaron Kaplan da Murray Badger da Joseph Berry, suna aiki a cibiyar Carnegie da ke Kalifoniya a Amurka, suka nuna inda sirrin yake. Sun auna kabon da ke cikin ƙwayoyin wani nau'i mai suna Anabaena variabilis, suka tarar ya ninninka wanda ke ruwan da ke kewaye da su, kuma ƙwayoyin da aka raina cikin ƙarancin CO2 sun fi waɗanda aka raina cikin wadata iya tarawa nesa ba kusa ba. Daga baya an gano tarin yakan kai milimol 20 zuwa 40 a lita, wani lokaci har ninki 1,000 na abin da ke waje. Ba su gyara Rubisko ba. Kewaye shi suka yi da CO2 har oksijin ya rasa wurin kutsawa.

Ka ɗauki ƙwayar a matsayin birni mai ganuwa. Tantanin da ya kewaye ta na maiƙo ne. CO2 ba shi da cajin lantarki, don haka yana shiga yana fita kamar ruwa a kwando, ba ya taruwa. Bikabonet yana da caji, ba ya ƙetare tantanin sai ta ƙofa, in ya shiga kuma ya shigu. Shi ya sa duk abin da suke tarawa a siffar bikabonet suke tara shi.

Hanyoyin da aka sani biyar ne. Uku ƙofofin bikabonet ne a tantanin waje. BicA babbar ƙofa ce, irin wadda tirela take bi da kaka a Dawanau: tana shigo da kaya mai yawa cikin sauri, amma sai in kayan ya wadata a waje. Ƙungiyar Dean Price ta Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya ce ta bayyana ta a 2004. SbtA kuwa mai kala ce. Ka san yadda mata suke bin gona bayan an kwashe amfani suna tsintar ƙwaya ɗai-ɗai; abin da take samu ba shi da yawa, amma tana samu a inda BicA za ta koma hannu rabbana. Su biyun nan da sodiyam suke aiki: ƙwayar tana fitar da sodiyam waje, in ya matso zai dawo ciki sai ya jawo bikabonet tare da shi. Ta uku BCT1, ita ma mai kala ce, amma tsadarta ta fi, don kai tsaye take ƙona ATP, wanda shi ne kuɗin kashewar ƙwayar halitta.

Sauran biyun, NDH-1 na uku da NDH-1 na huɗu, ba ƙofofi ba ne. A ciki suke zaune, a jikin tantanin da ake kama hasken rana. Duk CO2 da ya ratso ciki, sai su yi amfani da ƙarfin da haske ya samar su mai da shi bikabonet, hanya ɗaya ba komowa. Saboda haka CO2 yana ƙaranci a cikin ƙwayar, na waje ya yi ta kwararowa da kansa. Na huɗun kullum yana bakin aiki. Na ukun ya fi kaifin kamu, sai an shiga ƙunci ake tayar da shi.

To ga inda abin ya fi burge ni, shekara da shekaru ina koyar da shi bai daina ba. Rubisko ba ya karɓar bikabonet, CO2 kaɗai yake karɓa. Ana buƙatar ɗan canji kenan, kamar yadda mai dala yake bi ta Wapa kafin ya shiga Kwari sayen atamfa. Ɗan canjin shi ne wani enzayim mai suna kabonik anhaidires, mai saurin gaske, irinsa ma yana cikin jininmu. Amma in ka sake shi a tsakar birni, duk bikabonet ɗin da aka sha wahalar tarawa zai koma CO2 ya sulale ta ganuwa. Sai sayanobakteriya suka hana shi zama a tsakar ƙwayar kwata-kwata. A 1989 Price da Badger suka gwada wannan kai tsaye: suka ɗauko kabonik anhaidires na ɗan Adam suka sa shi a tsakar ƙwayar wani sayanobakteriya mai suna Synechococcus. Tarin ya zube, ƙwayoyin suka kasa girma a iska ta yau da kullum sai an ƙara musu CO2. Ƙara musu enzayim mai amfani aka yi, amma da yake ba a muhallinsa aka ajiye shi ba, sai ya zame musu asara.

Muhallin nasa wani ɗan ɗaki ne da ake kira kaboksizom. An gina shi da furotin zalla, yana da fuska 20, fale-falensa masu kusurwa shida da masu kusurwa biyar kamar ɗinkin ƙwallon ƙafa. Faɗinsa nanomita 100 zuwa 400 ne, wato sai ka jera dubbai kafin su cika milimita guda. Tun 1956 aka hango shi a na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki, amma sai 1973 Jessup Shively da abokan aikinsa suka ware shi daga wata bakteriya, suka tarar cike yake da Rubisko, suka raɗa masa suna. A cikin ɗakin nan aka cusa Rubisko da ɗan canjin tare. Bikabonet da RuBP suna shiga ta ƙananan ramukan bangon, a canja bikabonet ya zama CO2 a gaban Rubisko, bangon ya rage masa saurin ficewa. Wanda ya tsere kuma, NDH-1 na tsaye a waje, su cafke shi su mai da shi bikabonet ya sake zagayowa. In aka lalata ƙwayoyin gadon da ke gina wannan ɗaki, ko da ƙofofi biyar ɗin suna aiki lafiya, halittar ba ta rayuwa a iskar duniya.

Yanzu ga ainihin tambayarka, yadda suke sabawa da ƙarancin. Duk wannan aiki yana cin ƙarfi, don haka ba kullum ake kunna shi gaba ɗaya ba. In kabon ya wadata, BicA da NDH-1 na huɗu sun isa. Akwai wani furotin mai suna CcmR, wasu suna ce masa NdhR, da yake zaune a kan DNA, wato kundin umarnin gado na ƙwayar, kamar kwaɗo a ƙofar shago, ya hana a karanta umarnin gina SbtA da NDH-1 na uku. Abin da ke ƙara masa riƙo shi ne wani sinadari, 2-okzogulutaret, wanda yake taruwa in kabon ya ishi ƙwayar.

Da CO2 ya fara ƙaranci, Rubisko sai ya fara kuskure, yana kamo oksijin. 2-PG ɗin nan da na ce ka riƙe sai ya fara taruwa. RuBP ma ya taru, don ba abin da za a ɗaura masa. To 2-PG shi ne mabuɗin kwaɗon: in ya manne wa CcmR, sai ya saki DNA, a fara gina SbtA da NDH-1 na uku. Akwai kuma wani furotin, CmpR, wanda in 2-PG da RuBP suka hau shi sai ya kunna ginin BCT1. Ƙwayar ba ta leƙa waje ta auna ruwa ba. Kuskuren ma'aikacinta ta duba, ta gane an shiga fari. Kuma ma'aunin ya dace, don abin da ya dame ta shi ne ko Rubisko yana ƙoshi, ko ma mene ne ke faruwa a waje.

Abin ba ya ɗaukar lokaci. A ɗakin gwaji, in aka ɗauke ƙwayoyi daga iska mai CO2 da yawa aka mai da su iska ta yau da kullum, cikin mintuna ake fara karanta waɗannan umarni, cikin 'yan awanni kuma kaifin kamunsu ya ninka fiye da sau 10. A wasu nau'o'in har yawan ɗakunan kaboksizom yana ƙaruwa. Akwai ma ɗan ƙaramin furotin, SbtB, da ke manne a bayan ƙofar SbtA daga ciki, yana sauraron yanayin ƙarfin ƙwayar, yana iya toshe ƙofar in ba a buƙatarta, kamar cikin duhu. Tsakanin asubarka da la'asar ɗinka, duk wannan yana iya faruwa a cikin kwamin bayan gidanku.

Microcystis yana da wata dabarar ta daban. Yana da 'yan jakunkunan iska a ciki da suke taso da shi saman ruwa, inda ya fi kusa da CO2 na sama da haske, ya kuma yi wa na ƙasa inuwa. Shi ne abin da ya sa yake yin zobe a kwalba. Sannan ba duka dangin ne suke da ƙofofi iri ɗaya ba. Masu bincike a Jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan, ƙarƙashin Jef Huisman, sun nuna cewa wasu suna da BicA kaɗai, wasu SbtA kaɗai, wasu duka biyu. A gwajin da suka buga a 2016, masu ƙofa biyu ne suka yi rinjaye a ƙarancin CO2, da aka ƙara shi kuma masu BicA kaɗai suka fara karɓe fili. Kenan sabon yana faruwa a mataki biyu: ƙwaya ɗaya tana sauya kayan aikinta cikin awanni, jama'ar kuma tana sauya waɗanda ke gaba cikin makonni.

Mu nan ƙasar Hausa muna da misalin wannan a madafa. Kanwar da ake jefawa a miyar kuka ko a dafa wake da ita, cakuɗen sodiyam kabonet ne da sodiyam bikabonet, kuma tun zamanin fatake ake kawo ta kasuwar Kurmi daga wajen Borno da Tafkin Chadi. A tafkunan kanwa na yankin Kanem a ƙasar Chadi, inda pH yake kaiwa 10, wani sayanobakteriya mai suna Arthrospira, wanda duniya ta sani da sifirulina, yana cika ruwa kusan shi kaɗai. Ruwan da ke da sodiyam da bikabonet jingim, me ya fi wannan dacewa da mai ƙofofin da na bayyana? Matan Kanembu suna tace shi su shanya a kan yashi, su yi wainar da suke kira dihe, a sa a miya. Amma don Allah kar wannan ya sa wani ya ɗanɗana koren kududdufi. Microcystis yana iya fitar da dafi mai suna maikurosistin, mai lalata hanta, tafasawa kuma ba ta kashe shi. A 1996 a garin Caruaru na Barazil, mutum fiye da 50 masu wankin ƙoda sun rasu saboda ruwan da aka yi musu aiki da shi yana ɗauke da shi. Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, domin ina wucewa ta kududdufan cikin gari da bazara in ga yara suna wanka, awaki suna sha, ruwan kuwa kore kamar an dama shuni da ganye.

Masana noma suna kwaɗayin wannan tsari. Dawa da gero da masara da rake suna da tasu hanyar tara CO2 a gaban Rubisko, shi ya sa suke jure zafinmu. Shinkafa da alkama da wake ba su da ita. A 2014 masu bincike daga Jami'ar Cornell da cibiyar Rothamsted ta Ingila suka sa Rubiskon sayanobakteriya a ganyen taba, a 2018 kuma 'yan Ostireliya suka gina sauƙaƙƙen kaboksizom a cikinsa. Tsiron sai da ƙarin CO2 yake girma, don an kai ɗakin ba a kai ƙofofin ba, kuma ba a kori ɗan canji daga tsakar gida ba. A 2020 an yi nasarar dasa cikakken tsarin, da ƙwayoyin gado 20, a cikin bakteriyar E. coli har ta girma da iskar duniya.

Mu koma kan kifinka, don shi ne jarinka. Kar ka zauna jiran ƙarancin CO2 ya kashe koren, ba zai kashe shi ba. Abin da ke ciyar da shi naitirojin ne da fosfaras daga ragowar abincin kifi da kashinsu, ga zafin Kano ga rana. Haɗarin da na fi ji maka shi ne amoniya, wadda a ruwa take da kama biyu, mai dafi da marar dafi. A pH 7 wadda take da dafi ba ta kai kashi 1 cikin 100 na jimillar ba, amma a pH 9.25 rabi ce, a 10 kuwa ita ce mafi yawa. Ruwan da ba ya cutarwa da asuba yana iya ƙona gaɓar numfashin kifi da la'asar ba tare da an ƙara masa komai ba. Na biyu oksijin, wanda yake faɗuwa gab da asuba, ko kuma ranar da koren ya mutu gaba ɗaya ya fara ruɓa. Tarwada tana shaƙar iskar sama, don haka tana jurewa fiye da karfasa, amma in ka ga suna yawan tasowa suna ƙin abinci, ruwan ne yake magana.

Ka rage abincin zuwa abin da za su cinye cikin 'yan mintuna, kar ka ba su da tsakar la'asar lokacin da pH yake sama. Ka riƙa zuƙe dattin ƙasa kana canja wani kaso na ruwan a kai a kai. Ka yi wa rabin kwamin rumfa da zana ko raga. Koren da iska ta tara a kusurwa da safe, kwashe shi da kyalle mai laushi ka binne, kar ka zuba inda kaji ko awaki za su kai baki, ka kuma wanke hannu. Kar ka zuba toka ko farar ƙasa ko kanwa a ruwan da ya riga ya haura 9. Kar kuma ka sa maganin da zai kashe koren lokaci guda alhali kifi na ciki, don in ƙwayoyin suka fashe dafin da ke cikinsu ruwa yake komawa, ruɓarsu kuma ta cinye oksijin.

Ka ci gaba da awon, ka ƙara na azahar ya zama sau uku, ka rubuta na mako guda tare da ranakun da aka yi hadari ko hazo. Za ka ga ranar da rana ba ta fito sosai ba pH ba ya kaiwa inda ya saba. In za ka kai samfur ɗakin gwajin sashenku, ɗebo shi da sassafe daga kusurwar da koren ya taru, kar ka cika kwalbar, ka bar murfin a sake, ka kai shi a ranar.